Yadda Malami Zai Kwatanta Raƙumin Dawa da Ƙaramar Jaɓa a Aji

Malam, kafin ka shiga aji ka tanadi igiya mai mita 5.5, takardar A4, wuyan rago daga wurin mahauta, gwangwanin madara, babban gwangwanin tumatir da ma'aunin zafi.

Fara da raba jaɓa da ɓera, domin yara na haɗa su. Jaɓa na da tsinin baki, ƙwari take ci, ba ta gaigayar hatsi. Wadda muke nufi ba mai warin nan ta bayan ɗaki ba ce, ƙanwarta ce da ake kira Suncus etruscus, ta kudancin Turai, arewacin Afirka da Asiya. Tsawon jikinta santimita 4, nauyinta bai cika giram 2 ba. Takardar A4 giram 5 ce, sai ka yaga ƙasa da rabinta ka ɗora wa yaro a tafin hannu. Igiyar kuwa tsayin babban namijin raƙumin dawa ce, mai nauyin kilo 1,200, buhun siminti 24 ke nan. Irinsa na nan a Kure ta Nijar, kan hanyar Dosso zuwa Yamai.

Ka tambayi yara yawan ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa. Za su ce talatin ko hamsin. Dafa wuyan ragon tun a gida, cire naman, su ƙirga da kansu: 7. Na raƙumin dawa 7, na jaɓa 7, sai dai ƙashi ɗaya nasa kan kai santimita 25. Ka tabbata mahauci bai bar ƙashin farko a jikin kai ba, in ba haka ba 6 za su samu.

Gwajin ruwa shi ne ƙashin bayan darasin. Cika gwangwanayen biyu da ruwan zafi daga tukunya ɗaya, a auna kowanne duk minti 5 har rabin awa. Ƙaramin zai riga hucewa, saboda fatarsa ta yi wa cikinsa yawa. Haka jaɓa ke zubar da ɗumin jikinta, dole ta yi ta ƙona abinci. Zuciyarta na kai bugu 1,500 a minti, 25 a daƙiƙa guda, kuma tana cin ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na nauyinta kullum. Yara su ƙirga nasu bugun na daƙiƙa 15, su ninka sau 4.

Kada ka haɗa mazubin roba da gwangwanin ƙarfe a gwajin ruwan, sakamakon zai ruɗe. A zafin bazarar Sakkwato ruwa na jinkirin hucewa, gara safiya a inuwa, musamman da hunturu.

Wurin abinci ake yawan kuskure. Raƙumin dawa na cin ganye kusan kilo 30 a yini, na gawo da ƙirya da dangin ƙaya, sai yaro ya ce shi ne acici. Sa shi ya raba 30 da 1,200, zai samu kashi 2.5 cikin ɗari, ya rubuta kusa da kashi 150 zuwa 200 na jaɓa.