Yadda ake haɗa madubi mai saurin juyawa don tuƙa hasken leza

Da farko, rabu da madubin kwalliya. Azurfarsa a bayan gilashi take, shi ya sa masu farawa ke ganin ɗigo biyu a bango su ɗauka lezar ce ta lalace. Nemi madubi mai azurfa a fuska, akwai shi a cikin tsohon injin fotokwafi ko sikana. Yanko ɗan guntu kamar milimita 8, kada ya wuce farcen ƙaramin yatsa.

Samo ƙaramar lasifika ta tsohuwar rediyo. Kafa madubin a kan siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa, ka ɗaure gefe ɗaya a katako, ɗayan gefen ka haɗa shi da tsakiyar lasifikar da tsinke. Ba sai ya yi motsi mai yawa ba: in madubi ya karkata digiri 2, hasken digiri 4 zai tafi.

Wurin liƙawa ne aiki ke ɓaci, nan ni ma na sha kashi. Na zuba sufa gulu har ya taru a bayan madubin, da ya bushe sai ya ja gilashin, ɗigon da ke zagaye ya koma kamar ƙwayar shinkafa. Ga nauyin da ya ƙaru. Madubi mai nauyi yana wuce inda aka tura shi, ya yi ta rawa kafin ya tsaya. Maimakon haka, sa ɗigon gam na silikon ɗaya tak, daidai kan layin juyawa, ka bar shi ya kwana. Sannan ka ba lasifikar sauti, ka fara da mai kauri kana ƙara saurin kaɗawarsa a hankali. Inda layin hasken ya miƙe farat ɗaya katakon ya kama ƙugi, nan ne iyakarka, ka tsaya ƙasa da shi.

Kada ka jona lasifika kai tsaye da Arduino (ƙaramin allon lantarki da ake ba umarni ya sarrafa na'ura), ƙafarsa ta fitar da wuta ba ta jure fiye da miliamfiya 40. Amfilifayar kiɗa tana yi, amma ba za ta riƙe madubin a wuri ɗaya ba, lilo kawai za ta sa shi. In kuɗi sun samu, sayen galbo (na'urar juya madubin leza da aka riga aka haɗa) na kanti ya fi sauƙi, gaskiya.

Madubi ɗaya gefe da gefe kawai yake kai hasken. Don sama da ƙasa, haɗa na biyu a gicciye, dab da na farko. Gwaji kuwa da jar leza ƙasa da miliwat 1, a ɗaki, hasken na ƙarewa a bango, nesa da taga da idon mutane.