Darasi na 7: Amosanin Gaɓɓai da Ƙarfin Tsoka

Mace ce a Kurna ta tashi sallar asuba. Ta kai hannu za ta ɗauki buta, yatsu suka ƙi lanƙwasuwa, ba su saki ba sai da hantsi ya ɗaga. Maƙwabta suka ce sanyi ne, laifin hunturu. Amma idan hannu biyu suka kumbura tare, taurin yana kai awa guda kowace safiya, har aka shafe makonni, to a yi tunanin amosanin gaɓɓai da likitoci ke kira rumatoyid.

Garkuwar jiki ce take rikicewa, ta far wa tantanin da ke cikin gaɓa. Wurin ya kumbura, ya yi zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da shi, kashi 70 cikin 100 mata ne.

Abin da aka fi mantawa shi ne tsoka. Kumburin nan ba ya tsayawa a gaɓa, yana cin naman jiki a hankali. Sannan mai ciwo tana tsoron motsi, ta daina tuƙa tuwo, ta daina zuwa kasuwa, tsokar da ba ta aiki kuwa zubewa take yi. Cinya ta sirance, riƙo ya yi rauni, tashi daga sujada ya zama aiki. Kiloli ba lallai su ragu ba, domin kitse yana maye gurbin tsoka, shi ya sa 'yan uwa ba sa lura.

Don Allah a kiyayi deksa ta kemis, wato ƙwayar maganin da ake kira Dexamethasone. Tana kwantar da zafi nan take, amma idan aka daɗe ana sha, ita ma tana raunana cinya da kafaɗa, ta tayar da hawan jini da ciwon suga. Wanda ya riga ya saba da ita kada ya yanke kwatsam, ya ga likita.

A je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala a yi gwajin jini. Idan an ba da maganin da aka rubuta Methotrexate a kwalinsa, sau ɗaya ake sha a mako, kuma mai ciki ba ta sha. A nemi sashen gashin ƙashi su koyar da motsa jiki. A gida, a sa hannu cikin ruwan ɗumi da safe, a dunƙule a buɗe a hankali. Ranar da gaɓa ta yi zafi sosai a rage, kumburi na sauka a ci gaba.

Aikin aji: kowa ya rubuta ranar makon da zai ware don shan magani, ya karanta wa na kusa da shi.