Babi na Shida: Juya Akalar Saƙo Tsakanin Allo da Uwar Kwamfuta

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, allon da ke gaban kowannenku a ajinmu na nan Gombe ba shi yake yin lissafi ba. Ku leƙa bayansa, za ku ga waya ta bi jikin bango ta shiga ofis, inda uwar kwamfuta take. Irin wannan allo ya daɗe ana aiki da shi, domin tun 1978 kamfanin Digital na Amurka ya fitar da wani allo mai suna VT100, mai layi 24, kowane layi yana ɗaukar harafi 80.

Saƙo yana bin wayar nan ta fuska biyu, ko dai daga ofis zuwa allonku, ko daga yatsunku zuwa ofis. Ɗan shirin da za mu rubuta bi da bi yake aiki, kamar masu magana a oba-oba, wanda sai ɗaya ya ce "oba" kafin ɗayan ya karɓa. Ku kwafi layukan nan uku yadda suke:

echo "Mene ne sunanka?"
read suna
echo "Sannu $suna"

Kalmar echo tana turo rubutu zuwa allonku. Kalmar read kuwa tana juya akalar, sai kwamfuta ta yi shiru tana sauraronku. A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, saboda haka mu tafi a hankali. Idan tambaya ta fito, ɗan farin tabo ya tsaya yana ƙiftawa, injin bai lalace ba, ku yake jira. Ku rubuta sunanku, sannan ku danna Enter, wato babban maɓallin nan na hannun dama mai lanƙwasasshiyar kibiya. Ko da kuna ganin sunanku a allo, shirin bai karɓe shi ba sai kun danna Enter. Suna da farko, Enter daga baya, kuma sau ɗaya tak.

A makon jiya wani dattijo ya rubuta sunansa daidai, ya harɗe hannuwa yana jiran amsa har aka kira sallar la'asar. Babu abin kunya a ciki, ni ma na taɓa yi. Wata baiwar Allah kuma ta danna Enter kafin ta rubuta komai, sai "Sannu" ta fito ita kaɗai ba suna. Ku sake gwadawa sau biyar: suna, sannan Enter. Amma don girman Allah a daina dukan maɓallin kamar ana sussuka, na gaji da maimaita wannan magana, kuma ba mu da kuɗin sayen wani.

Darasi na 2

Idan rubutu yana kwararowa da sauri har ba ku iya karantawa, ku riƙe maɓallin da aka rubuta wa Ctrl ku danna S, zai tsaya cak. Ku riƙe Ctrl ku danna Q, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Wanda allonsa ya daskare ya gwada Ctrl da Q tukuna kafin ya kira ni, kuma kada kowa ya zare waya.

Darasi na 3

Ku ƙara wa shirin tambaya ta biyu a kan sunan unguwarku, Bolari ce ko Pantami ko Jekadafari. Yadda aka yi a darasi na 1 haka za a yi.