Babi na Bakwai: Neman Taron Masu Barin Giya da Halartarsa

Darasi na 1: Abin da taron yake

Ƴan'uwa ɗalibai, taron da ake nufi a nan zama ne na mutanen da giya ta kama, suka kuma yi niyyar rabuwa da ita, suna haɗuwa domin su saurari juna su ƙarfafa wa juna gwiwa. Wanda ya fi shahara shi ne na ƙungiyar AA (Alcoholics Anonymous, wato ƙungiyar masu neman barin giya ba tare da bayyana cikakken sunansu ba), wadda mutum biyu, Bill W. da Dokta Bob, suka kafa a garin Akron na Amurka a shekarar 1935. Sharaɗin shiga ɗaya ne, wato mutum ya so barin sha. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar sunan mahaifi, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita waje.

Wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke sha rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Rawar hannu da zufa suna iya farawa cikin awa 6 zuwa 24, wani kuma yakan yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko ya ruɗe a kwana na biyu ko na uku, wannan kuwa yana iya kisa. A fara ganin likita tukuna.

Darasi na 2: Tambaya da rubutawa

A nan Yamai, je ka ƙaramin asibitin unguwarku, ko Bukoki kake ko Yantala ko Talaje, ko kuma sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa. Ka gai da ma'aikacin lafiya, sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, ina so in bar giya, shin akwai inda masu irin matsalata suke haɗuwa?" Idan kunya ta hana ka a unguwarku, tafi wata unguwa. Idan aka ce babu taro kusa, akwai waɗanda ake yi ta intanet da Faransanci, sai ka nemi wanda ka amince da shi ya taimake ka shiga ta salula.

Yanzu ka natsu, domin a nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe. In an faɗa maka inda ake taron, kada ka ce "na gane" ka juya. Fito da takarda da alƙalami ka rubuta abu uku: rana, ƙarfe, wuri. Rana a layin farko, ƙarfe a layi na biyu, wuri a layi na uku tare da wata alama da ka sani, kamar kasuwa ko masallaci ko gidan mai. Ko hannunka yana rawa, ko baƙaƙen sun karkace, babu laifi, rubuta a hankali, babu mai korar ka.

Ka kula da ƙarfe sosai. A takardun asibiti ana rubuta lokaci kamar haka: 16h30. Idan lambar farko ta wuce 12, sai ka cire 12 daga cikinta. A cire 12 daga 16, saura 4, ke nan ƙarfe huɗu da rabi na yamma, bayan la'asar. Gwada 19h00: a cire 12, saura 7, ƙarfe bakwai na dare. Amma 09h00 bai kai 12 ba, saboda haka ba a cire komai, ƙarfe tara ne na safe. Madalla, haka ake yi.

Bayan ka rubuta, karanta wa ma'aikacin abin da ka rubuta da murya: "Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, wuri kaza. Haka ne?" In ya gyara, ka goge ka sake rubutawa, ka sake karantawa. Rana, ƙarfe, wuri.

Sai dai fa in faɗa muku gaskiya, wannan sakaci ya isa haka. Mutum ya danne kunyarsa, ya biya kuɗin kabu-kabu, ya yi tambaya mafi wuya a rayuwarsa, sannan ya ƙi rubuta layi uku, ya je ranar Juma'a ya tarar da ƙofa a kulle, ya ce ai Allah bai nufa ba, ya zarce mashaya! Me ya sa muke zaman koyon karatu in ba don irin wannan rana ba? Kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka, giya ta riga ta gajiyar da ita. Rubuta rana, rubuta ƙarfe, rubuta wuri, ka ninke takardar ka sa a aljihun da kake ajiye katinka na ɗan ƙasa.

Darasi na 3: Ranar taro

Duba takardarka da safe. Ka isa da wuri, ka yi sallama, ka faɗi sunanka na yanka kawai. Ba dole ne ka yi magana ba, saurare ma ya wadatar, kuma ba a katse mai magana. Kafin ka fita, tambayi ranar taro na gaba ka rubuta kamar yadda aka koya a darasi na 2.

Darasi na 4: Komawa

Ka koma ko da ka sake sha a tsakani, ba za a kore ka ba. Nemi lambar salular wani da ya daɗe da bari.

Aikin gida: rubuta 17h00 da 20h15 da Hausa a littafinka.