Yadda za ka gane zaɓinka so ne ko wariya

A fadarmu nan Yamai kullum in an ɗora shayi sai wani ya ce shi dai farar mace yake so, wai ra'ayinsa ne. To ɗan uwa ga yadda za ka gwada kanka. Cire kala da ƙabila daga lissafi, ka faɗi abu uku da kake so ga mace, in bakinka ya tsaya to akwai magana.

Sannan ka lura da ranar da zuciyarka ta sauya, kuna hira a WhatsApp wata biyu komi lafiya lau, da ka ji Bazabarma ce ko 'yar mahauta ko an ce kakanninta bayi ne sai ka daina ɗaukar kira, malam wannan tsoron bakin dangi ne kawai. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka tun 2003 amma wajen neman aure har yau ana tonon asali.

In tsofaffi sun ƙi, tambaya cikin ladabi: "Baba, wane hali nata ne bai yi ba?" Kuma don Allah daina yabon farar fata gaban ƙannenka mata, suna ji fa, gobe sai ka tsinci man bilicin cikin jakarsu.