Kurakuran da na gaji da gani a binciken sinadaran ƙwaƙwalwa

Duk shekara sai sababbin ɗalibai sun zo mini a nan Gusau suna son nazarin yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo, kuma ramin da na bara suka faɗa, shi na bana ke faɗawa. Bari in rubuta in huta.

Ɗalibi zai buɗe baki ya ce dofamin, ɗaya daga cikin sinadaran da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, sinadarin jin daɗi ne, shi ke nan. Wa ya gaya maka? Sinadari ɗan aike ne kawai, risefta, wato ƙofar da ke jikin ƙwayar da aka aika wa saƙon, shi ke yanke abin da zai faru. Sinadarin da masanin kimiyya Otto Loewi ya nuna a 1921 yana rage bugun zuciyar kwaɗo, wato asetilkolin, shi ne kuma ke motsa tsokar hannunka, don ƙofar da ya tarar a can daban ce. Dofamin kansa risefta iri 5 gare shi. In ka kawo mini sunan sinadari ba ka ce wane risefta ba, a wane sashen ƙwaƙwalwa, ba na karanta shafi na biyu.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai kuwa, ni na tafka shi da hannuna. Wata huɗu ina ba ɓeraye ruwa mai gubar dalma, irin wadda ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, don in ga yadda take toshe wani risefta da ake kira NMDA, wanda ƙwaƙwalwar yaro ke koyo da shi. Na cire ƙwaƙwalen, na zuba su duka a firiza ɗaya, na tafi biki Ƙauran Namoda ranar Alhamis. Aka ɗauke wuta, janareta babu mai. Ran Litinin na tarar da ruwa kwance a ƙasan firiza. Maimakon in haƙura, sai na sake daskarar da su na yi gwajin a haka, na ƙona maganin gwaji na kuɗi masu yawa a kan naman da furotin ɗinsa ya riga ya lalace. Alkaluman da suka fito ko mahaukaci ba zai yarda da su ba.

Yanzu raba samfur nake yi ƙanana-ƙanana, a firiza biyu, gini biyu. Kuma ina daskarar da ruwa a kofi in ɗora kwabo a kai, in bar shi a cikin firizar. Na dawo na ga kwabon ya nutse, na san abin ya narke a bayana, ko mai gadi ya rantse wuta ba ta ƙifta ba. Abokan aiki na yi mini dariya, su yi ta yi.

Sauran ƙanana ne. Kada ka yanka rabin ɓerayenka da safe, rabi da la'asar, sinadaran nan suna hawa da sauka da lokaci. Ka ware ɓerayen da ba a ba komai ba don kwatance. Lambar kwalba kuma da fensir nake rubuta ta, domin barasar goge tebur tana wanke tawadar alƙalamin maka tas.