Ƙaramar Mota Amma Tana Shan Mai: Inda Ake Tafka Kuskure

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa suka jingine Camry da Sienna suka koma ƙananan motoci marasa dogon but, irin su Toyota Yaris, Honda Fit, Kia Picanto, Hyundai i10 da Peugeot 206. Bayan wata biyu sai ka ji mai mota yana ƙorafin bai ga wani sauƙi ba. Galibi motar ba ta da laifi. Sauƙin yana zurarewa ne tun daga wurin saye har zuwa garejin bakanike.

Kafin a zargi mota, a auna ta. Kallon allurar geji ba awo ba ne, domin tankin Yaris lita 42 yake ci, na Camry kuwa kusan 70, allurar ƙaramar tana iya riga sauka ko da shanta bai kai ba. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, mayar da lissafin tafiya na dashbod zuwa sifili, yi harkokinka na mako guda, sannan ka koma famfon nan ka sake cikawa. Raba kilomitan da ka yi da litar da ta shiga: kilomita 360 a lita 30 na nufin 12 a kowace lita, kuma wannan ba laifi a cikin gari da esi a kunne. Idan motar daga Amurka aka kawo ta, da mil take ƙirga, sai ka ninka da 1.6 tukuna.

A wurin saye, an fi ruɗuwa da ƙanƙantar inji. Inji mai girman lita 1.0 da silinda uku yana da kyau ga mutum ɗaya ko biyu. Amma maigidan da zai ɗauki uwargida da yara huɗu, ga esi a zafin Afrilu, zai riƙa nitsa ƙafa a totur kafin motar ta ɗaga, man da ya so ya tattala ya tafi a nan. Mai iyali ya nemi 1.3 ko 1.5. A duba giya ma. Wasu Yaris 'yan Turai suna zuwa da giyar MMT, wadda a zahiri giyar hannu ce da na'ura ke taka mata kuloci. A cunkoso irin na Nyanya zuwa Mararaba tana fizga, kulocinta yana saurin cinyewa, masu iya saita ta kuma ba su da yawa. Gwada mota a gosulo da kan hawa kafin ka biya, kada ka tsaya a miƙaƙƙiyar kwalta.

Babbar ɓarnar dai a gareji ake yin ta, kuma da kyakkyawar niyya. Mota na isowa sai bakanike ya ce: “Yallaɓai, wannan tamostat ɗin na ƙasar sanyi ne, bari a cire a haɗa fanka kai tsaye.” Kada ka yarda. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90. In aka cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, ruwa yana zagayawa lagireto tun daga tayarwa, inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu asuba ce ta ci gaba da ƙara mai. Fankar da ke juyi ba tsayawa ita ma nauyi ce a kan altaneta, na'urar da ke cajin batir. Idan mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, famfon ruwa ya gaji, ko tamostat ɗin ya maƙale. A gyara wannan, a sa sabon tamostat, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon ruwan rijiya mai barin tsatsa.

Baƙin mai ma haka. Al'adar zuba mai kauri, wato 20W-50, a kowace mota ta samo asali ne daga zamanin Peugeot 504. Ƙananan injinan yanzu ramukan mansu matsattsu ne, yawancinsu 5W-30 ko 0W-20 suke so, kuma a kan rubuta a murfin zuba mai ko a littafin mota. Mai kauri yana sa inji wahalar juyi, yana kuma jinkirin kaiwa sama da safe. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne man giya: Honda Fit mai giyar CVT, wani nau'in otomatik, ba ta shan jan man giyar otomatik na gama-gari, nata daban ne. An zuba mata wanda ba nata ba, sai karkarwa wurin tashi, daga nan sai neman wata giyar a Ƙofar Ruwa ko Panteka.

Fitilar inji in ta kama a dashbod, a sa kwamfuta a karanta, kada a liƙe ta da baƙin tef. Sau da yawa na'urar da ke auna iskar salansa ce ta mutu, kuma mutuwarta kaɗai tana ƙara shan mai sosai. Matatar iska kuwa, a lokacin hunturu a riƙa buɗe ta duk bayan mako biyu. In ka ɗaga ta a rana haske bai ratsa ba, canza ta.

Taya tana da nata. Mai faci yakan buga iska 45 ko 50 da ƙiyasi, mota ta riƙa tsalle tana kashe shoka, birki ya rage kamu. Wasu kuma suna yawo da 22 ba su sani ba, taya tana jan ƙasa tana shan mai. Adadin da ya dace yana manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, galibi tsakanin 30 da 35, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Sa manyan rim da faffaɗar taya don ado yana ƙara nauyi, ƙaramin inji kuma nan da nan yake jin sa.

Saura hannun direba. Ɗumama mota na minti goma da safe asara ce. Rabin minti ya isa, sai ka tashi a hankali. Sakin giya a firi a gangara ba ya rage komai a motar da ke da injekta, domin in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa, kwamfuta yanke mai take yi gaba ɗaya, a firi kuwa sai ta ba inji abin da zai rayu da shi, ga birki ya ɗauki nauyin duka. A cunkoso bar tazara ka riƙa gangarawa a hankali maimakon taka-tsaya. Mai giyar hannu ya daina riƙe mota da rabin kuloci a kan hawa, ya ja birkin hannu.

Wanda ya saba da doguwar mota ya tuna cikin ƙaramar mota bai fi taƙi guda daga ƙasa ba. Tudun rage gudu a hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, musamman in akwai mutane a baya. Da damina, ruwan da ya kai rabin taya a juya a nemi wata hanya, don bakin da inji ke shaƙar iska yana ƙasa-ƙasa. In kuwa ta mutu a cikin ruwa, kada a murza makulli. A tura ta waje, a kwance fulogogi, a fitar da ruwan da ya shiga silinda tukuna.